Akwatin da ba mu san kansa ba

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya faru a maƙabartar unguwarmu. Ina shagona a unguwar Komah, ina ɗinki, wani soja ya tsaya a ƙofa ya cire hularsa. Ya ce jirgin da ƙanena yake koyon tuƙawa ya faɗi a bayan garin Dapaong, wajen atisaye, tun kafin a tura su bakin iyaka inda ake yaƙin. Ba wanda ya harbe su. Su uku ne a ciki.

Washegari kamiyo, babbar motar soja, ta kawo shi nan Sokodé cikin akwatin katako, an buga ƙusa, da umarnin kada a buɗe. Sajan da ya rako shi ya ce wani soja musulmi ya kwantar da shi a gefen dama, ya kuma zana alama da alli a wajen kai. Muka yi salla, muka kai shi bakin kabari, aka yaye tutar da ke kan akwatin. Babu alama. Ruwan hanya ya wanke ta, akwatin kuwa ko'ina faɗinsa ɗaya ne. In muka juya shi ba daidai ba, zai kwanta ya ba alƙibla baya.

Liman ya ce, “Saja, ina kai?”

Saja ya zagaya akwatin sau biyu, ya sara wa liman, ya ce, “Malam, ni direba na bi, ban ga inda aka zana ba.”

Aka kira Dapaong. Mai allin ya tafi Mandouri, wayarsa ba ta shiga. Sai Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya naɗe hannun riga ya ce, “Ku matsa. Yaron nan ni na saya masa hular sallah shekara bakwai, ba wadda ta taɓa shiga. Inda ya fi nauyi, nan ne kai.”

Ya ɗaga nan, ya ɗaga can, ya nuna hagu. Ladan ya ɗaga, ya nuna dama, ya ce ai soja da takalminsa ake sa shi.

“Kai da ba ka iya ɗaga butarka,” in ji Kawu.

Wani ya fashe da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. A lokacin na ji kunya. Yanzu na san dariyar nan ce ta riƙe ni.

Liman ya dube ni ya ce, “Kai ne babban wa. Ɗaga ka faɗa mana.”

Na ɗaga hagu, na ɗaga dama. Duk ɓangarorin biyu ba nauyi. Mutumin da na sani, mai cinye kwanon fufu shi kaɗai, hannu ɗaya ya ishe ni. Na gane dalilin ƙusoshin. Na dubi tsofaffin nan biyu suna jira, na nuna ɓangaren Kawu na ce, “Nan ne.” Kawu ya harari ladan, aka saukar.

Da na koma gida Inna ta tambaye ni ko an fuskantar da shi gabas. Na ce an yi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wani lokaci ana neman ka yanke magana ba don ka fi kowa sani ba, sai don mutane su samu su koma gida. Saja ya rubuta mini lambar mai allin a bayan katin shagona. Har yau ban kira ba.