Ranar Da Muka Kai Inna Kufan Garinsu

Wata Asabar ce a ƙarshen damunar 1999, shekarar da sojoji suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su ma gama ɓallewa daga bangon gidajen Gyadi-Gyadi ba. Ina tsaye a ƙofar gidanmu bayan sallar asuba, barci fal idona, ina riƙe da butar Inna da dardumarta. Baffa Sale, ƙanen Babanmu, yana kan rufin ƙaramar bas ɗinsa yana ɗaure kaya yana mita. Inna kuwa, mahaifiyarsu, tun kafin ladan ya buɗe baki ta shiga mota ta zauna a gaba, ta ɗora jakarta a cinya. Ta ce ko ruwa ba za ta sauko ta sha ba, kada a sake ce mata an fasa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni ƙin tafiyar nan, don ranar muke da ƙwallo da 'yan Unguwar Gano.

A kan wani dutse aka haifi Inna, can bayan Dajin Falgore, wajen Riruwai. Mutanen da suna zama a saman duwatsu saboda tsoron mahara, da zaman lafiya ya samu sai suka riƙa saukowa suna kafa gari a ƙasa. Inna tana 'yar ƙarama aka sauko da su, amma mahaifiyarta ta rasu kafin saukowar, a can sama aka binne ta. Daga baya aure ya kawo Inna Kano, ta haihu, ta tsufa, ba ta sake taka dutsen ba. Tun da na yi wayo abu ɗaya nake jin tana roƙo: "A kai ni in tsaya inda aka binne cibiyata, in yi wa uwata addu'a, sannan in Allah ya ga dama ya ɗauke ni." Baba ma'aikacin gwamnati ne a Tarauni, kullum amsarsa in sha Allahu in aka yi hutu. In aka yi hutun kuma babu man fetur, Baffa Sale sai ya kwana a layin gidan mai ya dawo hannu wofi. A shekarar nan mai ya ɗan samu, ita kuma Inna ta yi wata doguwar kwanciya a tsakiyar damuna har gwiwoyinta suka kumbura. Wannan ne ya tsorata Baba ya sa rana.

Ni ne ɗan ɗakin Inna. Ni ke share mata ƙofa, ni ke zuba wa kajinta tsaki, in yanko wa awakinta ciyawa a bakin kwalbati, in na dawo makarantar allo da yamma kuma in shafa mata man zafi a gwiwa. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ta ce na cika rowa, ko goro ban taɓa sayo mata ba. Ina shafa man, ina jiyo abokaina a waje suna langa ko suna gara taya, ita kuwa ta kama labarin dutsenta. Ganuwar duwatsu da aka jera ba ƙasa ba siminti. Kukar da ke da kogon da yara uku za su ɓuya a ciki. Ramukan da mata suka yi ta niƙa a kan falalen dutse har dutsen ya lotsa. Wallahi na ji labarin nan har ya gundure ni, ina iya karanta shi kamar hadda, kuma ban taɓa ɗauka akwai wurin da gaske ba.

Kuskurenmu tun daga gida muka ɗauko shi. A wurinmu mutanen birni, duk wata tafiya ziyara ce, ita kuma ziyara tana da ƙa'idarta. Baba ya saka babbar riga, Baffa Sale ya kafa hula, ni aka fito mini da farar shaddar sallah da ta sha bugu, da takalmi sau-ciki mai matse mini ɗan yatsa. Ummanmu ta cika kuloli da shinkafa da miya, aka sayo burodi da sabulu da goro na tsaraba, aka kasa su kashi-kashi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda ake hawa dutse da babbar riga. Babban abin kuma, hanyar nan cike take da 'yan'uwa. Da Baba ya ce mu wuce kai tsaye, in ya so a gaggaisa a dawowa, Inna da kanta ta ce, "Haba Malam! Mu bi ta ƙofar mutane mu wuce? Da wane idon za mu kalle su in suka ji?" Ba ta faɗin sunansa, kasancewarsa ɗan fari. Baffa Sale ya tada mota.

A Kura muka fara tsayawa, barkar haihuwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo koko da ƙosai, aka miƙo jaririya Inna ta riƙe ta tofa mata addu'a. A Kwanar Ɗangora ta'aziyya ce, ta wani tsoho da ya rasu tun Inna tana kwance, aka yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, aka dama fura. Duk gidan da muka shiga sai an gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen birni, sannan a aika a kira maƙwabta su ma su zo su gaida Inna. Tudun Wada ce ta ƙarasa mu. Gidan surukan Baffa Sale ne, muna yin sallama maigidan ya ce a kamo zabuwa. Tirƙashi! Yaran gidan suka bi zabuwar nan, ta haye katanga, ta shiga gonar dawa, sai da aka haɗa da yaran maƙwabta. Aka yanka, aka fige, aka hura wuta, mu kuwa muna zaune a zaure. Baba sai duba agogo yake yi a ƙarƙashin hannun riga, amma wa zai tashi ya bar naman da aka yanka dominsa? Na leƙa cikin gida, na ga Inna ta miƙe ƙafa a tsakiyar mata tana tambayar wane da wance, masu rai da matattu. Sai dai bakinta ne ke hira, idonta yana kan inuwar katanga da ke ta matsowa. A nan muka yi azahar.

Da muka shiga Dajin Falgore cikina ya cika tim, kaina yana sara. Amma ko a haka na san na ga abin da ban taɓa gani ba. Ɗan Gyadi-Gyadi, wanda iyakar dajinsa darbejiyar bakin titi, ga itatuwa sun haɗe kai a saman hanya, ga iska mai sanyi da ƙamshin ɗanyen ganye, ga birai suna tsallaka kwalta ba sa ko kallonmu. Duwatsu suka fara ɓullowa ta bayan itatuwa, shuɗi-shuɗi. Inna ta gyara zama, tana nuna su da carbi tana kiran suna, ɗorawa, kaɗanya, marke, kamar mai gaida tsofaffin ƙawaye. Bayan mun fita dajin muka sauka daga kwalta, motar ta kafe a taɓo, muka fito muka tura. Farar shaddata dai tun daga nan aka yi mata sallama.

Sai bayan la'asar muka isa ƙauyen da ke gindin dutsen. Nan ma ba a hawa sai an gaida mai unguwa, aka sake shimfiɗa tabarma, aka sake kawo ruwa. Ba a samu wanda ya san mahaifiyar Inna ba, sai wani tsoho da ya ce ya taɓa jin sunan gidansu. Mai unguwa ya haɗa mu da wani maharbi ya nuna mana hanya. Inna ta kama sandarta, Baba ta dama, Baffa Sale ta hagu, aka fara hawa. Taku kaɗan ta tsaya ta huta, taku kaɗan ta tsaya. Da muka kai wata tsamiya, inda hawan gaske yake farawa, gwiwoyin suka ƙi. Ta yunƙura, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, na ji wani nishi da ban taɓa ji daga bakinta ba. Baffa Sale ya durƙusa ya ba ta baya ya ce ta hau. Ta ce, "Ni na goya ka. Ba za ka goya ni a gaban mutanen garinmu ba." Maharbin ya ce in za a hau to yanzu ne, don ba a bari magariba ta riski mutum a sama. Inna ta daɗe tana kallon dutsen, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Maigida, je ka gano mini."

Baba ya zauna da ita, ni da Baffa Sale muka bi maharbin. Takalmin ya riga ya ji mini ciwo, yana kuma zamewa a kan dutse, sai na cire shi na bar shi a wurin su Inna na hau ba takalmi. Na sha wuya a hawan nan. Ciyawa ta fi ni tsawo, ƙaya tana suka, wani wurin da rarrafe muke bi, numfashina har yana yi mini ciwo a ƙirji. Da muka kai sama na zube kawai. Da na ɗago, sai ga labarin Inna a gabana. Ga ganuwar, ta zube a wasu wurare amma ana ganin layinta. Ga kukar da kogonta. Ga ramukan niƙa a jere a kan falalen dutse, ruwan sama ya cika su, 'ya'yan kwaɗi suna yawo a ciki. Ko'ina ka taka tsingaron tukwane ne. Ta can kuma dajin ya shimfiɗu kore shar har inda ido ya ƙare, wani rafi yana ƙyalli a tsakiyarsa. Maharbin ya nuna wani fili mai ciyawa ya ce nan aka ce maƙabartar take. Ba wata alama, ko tudu ɗaya. Baffa Sale ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa, muka karanta abin da muka iya. Gaskiya ban ji komai a raina ba sai ƙishirwa. Da na leƙa ƙasa na hango farin mayafin Inna a ƙarƙashin tsamiya, ɗan mitsitsi.

Ina saukowa ina shirya abin da zan faɗa mata, in fara da ganuwa in ƙare da rafi. Ba ta tambaye ni ko ɗaya ba. Ƙafafuna ta kalla, sun yi jawur da laka har idon sawu. Ta ce in zauna kusa da ita, ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cire mini ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Baba ya miƙo ruwa a wanke, ta ce, "Bari tukuna." Sai ta sa ɗan yatsa ta riƙa kankaro lakar daga tsakanin yatsuna, daga diddige, daga tafin sawu, tana tarawa a hannunta. Ta murza ta, ta kai hanci ta shaƙa, ta ce, "Ita ce. Ja, yadda na bar ta." Ta ƙulle ta a haɓar mayafinta, ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, hawaye yana bin fuskarta. Baba ya juya mana baya. Da ya juyo ya ce za mu dawo, mu kwana a ƙauyen, a hau da sassafe a hankali. Inna ta ce, "Ka dai kai ni gida, Malam. Na gaji."

Ba mu koma ba, ita ma ba ta sake roƙo ba. Ina shafa mata man zafi a yi shiru, har ni da labarin ya gundura na riƙa jan ta da tambaya, sai ta ce ai ka gani da idonka. A ɗakinta na Gyadi-Gyadi ta rasu, ina ajin farko na sakandare.

Yau ina da motata, kuma aiki yakan bi da ni ta hanyar. Ina wuce Kura da Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ban taka birki ba, in na tuna in buga waya in ce a gaida mutanen gida, ba wanda zai ji haushi, ba wanda zai yanka mini zabuwa. Da na ga dama, kafin hantsi ya dubi ludayi ina gindin dutsen nan. Nakan rage gudu in duwatsun suka ɓullo ta bayan itatuwa, in kalle su, in wuce. Hanya ta yi sauƙi, sai dai ba ni da wanda zan kai.