Ruwan Baƙo a Runjin Sambo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Dakta Umaru ya zaunar da ni gindin wata dalbejiya a Runjin Sambo ba, ya nuna mini cewa aikin da na shafe wata biyu ina yi shirme ne. Ku da kuka zo da digiri kuka iske ni a teburin da na tsufa a kansa, ku saurara.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin fetur na shigowa kamar ba za su ƙare ba. An sayo babban bututu da za a ja daga matatar ruwa, amma bututun ɗaya ne, unguwa biyu ke jira. Ga Arkilla, inda ake gina wa ma'aikata gidaje, ga Runjin Sambo, inda jama'a suka yi cinkoso. Aka kafa kwamiti, aka ba wani Manjo shugabanci, aka ɗauko Dakta Umaru daga jami'a. Shi malamin tattalin arzikin ruwa ne. Aikinsa ya gano wa ke samun ruwa, da wace wahala yake samu, sannan ya ce ga inda ya kamata gwamnati ta sa ƙarfinta. Ni kuwa mai tattara bayanai ne, mataki na huɗu, ƙasa da ni sai masinja. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma har yau ba a bar ni na manta ba.

Aka ba ni takardun tambaya. Kowane gida layi ɗaya, da gurbi uku: wadatacce, ƙaranci, babu. A Arkilla aikin bai yi wuya ba. Ma'aikata ne, sun san darajar takarda. Kafin in gama sallama sun fara kuka, wani har ya riƙe mini biro. Na sa musu ƙaranci.

A Runjin Sambo kuwa, in na yi sallama sai maigida ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, a kawo ruwan randa mai sanyi cikin kwanon sha. In sha in ƙoshi, in ce, "To Malam, yaya batun ruwa?" Ya ce, "Mun gode Allah." In sa wadatacce, in wuce gida na gaba. Mutumin da ya ba ka ruwa ka sha, me za ka rubuta masa?

Takarduna suka nuna Arkilla ce mai ƙishi. Babban Injiniyan ofishinmu ya sa aka buga rahoto, ya rage Dakta ya sa hannu kawai. Saura kwana uku kwamiti ya zauna sai Dakta ya aiko a kira ni. Na iske shi ya baje takarduna a ƙasa yana dubawa.

"Malam Sani, kai ka cika waɗanga?"

"Ni ne, Dakta."

"Rubutunka da kyau. Gobe bayan asuba ka kai ni unguwar."

Ba mu shiga gida ko ɗaya ba. Ya ajiye tsohuwar motarsa, muka zauna gindin dalbejiyar nan a bakin lungu. Gari na wayewa sai ga 'yan ga-ruwa, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, suna shiga suna fita kamar tururuwa. Dakta ya tashi ya gai da wani dattijo a cikinsu, Mamman Ba'adare, ya kama masa garwa ya sauke. Ya nuna wani gida ya ce, "Baba, gidan can garwa nawa suka saye?"

"Gidan mahaucin? Biyu da sahe, shi ke nan sai gobe. Mutum goma sha wani abu hwa." Sai ya juyo ya ƙare mini kallo. "Af! Ba kai ne mai takarda ba? Ranar da ka zo ka shanye kwano har ka nemi ƙari, da rana tsaka anka aiko nemana in kawo na tuwo. Allah shi ƙara maka ciki!"

'Yan'uwansa suka fashe da dariya. Ni dai na rasa inda zan sa fuskata. Dakta bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Malam Sani, kai ina kake samun ruwa a gidanka?"

Na ce, "Saye nake."

"In baƙo ya zo da takarda ya tambaye ka a zaurenka, mi za ka ce mashi?"

Na san amsar: abin da suka gaya mini, shi zan gaya masa.

Kwana ukun nan a bakin lungu muka yi su. Shi da kansa yake bin 'yan ga-ruwa har bakin rijiya, yana tambaya, ni ina rubutawa. Abin da ya fito shi ne, mai saye da garwa ya fi mai famfo biyan tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ne ba ya kuka.

Ranar zaman kwamiti ina tsaye bayan Dakta riƙe da fayil. Ya ce ba zai sa hannu a rahoton farko ba, ya ajiye sabo. Injiniya ya yi wuf ya ce to laifin ƙaramin ma'aikaci ne. Manjo ya buga sandarsa a tebur.

"Wa ya cika takardun farko? Sunansa nake so."

Ku ba ku san zamanin nan ba. Sai dai mutum ya ji an kore shi nan take, babu sallama babu fansho. Ga ni da mata da 'ya'ya huɗu.

Dakta ya ce, "Yallaɓai, ni na tsara tambayar. Wanda ya cika ya rubuta abin da aka gaya masa ne. In ana neman mai laifi, ga wanda ya yi karatu har ƙasar waje, ya dawo ya manta cewa ba a tambayar Basakkwace rashinsa a zaurensa. Zai ba ka ruwansa na ƙarshe ya ce ya gode Allah. Sunan da kake so Umaru ne."

Manjo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja sabon rahoton ya karanta har ƙarshe, muna tsaye. Ya ɗago ya ce, "Tsohuwata ma haka za ta yi." Ya sa hannu.

Bututu ya tafi Runjin Sambo, aka kafa famfunan unguwa. Dakta ya sa a rahoton cewa a bar 'yan ga-ruwa su ɗiba a nan kusa su kai wa matan da ba sa fita, kada a kashe musu sana'a. Arkilla ta jira kasafi na gaba, kuma manyan da ke da gidaje a can ba su yafe masa ba. Ba a sake kiransa kwamiti ba sai bayan shekaru. Ya koma ajinsa, ya zama farfesa a makare. Ko a jikinsa.

Ni ma ban tashi daga inda nake ba sai da ƙyar. Na ga masu takarda da yawa sun zo sun wuce ta kaina, yawancinsu ilimin tsani ne gare su, mu ne matakalar. Mutum ɗaya na gani ya sa nasa ya tare wa na ƙasa da shi bulala. A wurinsa na koyi cewa a aikin ruwa, mai ƙarar murya ba shi ne mai ƙishi ba. Ku ma za ku yi kuskure, babu makawa. Ranar da aka ce a kawo suna, ku waiwaya ku dubi wanda ke riƙe muku fayil kafin ku buɗe baki.