Jirgin Kawu Sale Mai Gajerun Fukafukai

Har yau in na ji warin gam, Kawu Sale nake tunawa. Ku da kuka san shi a Guangzhou ta ƙasar Caina kun san hannunsa ba ya rabuwa da gam. Ko a masallacin Huaisheng ranar Juma'a, in ya gaisa da mutum sai an ɗan ja kafin a rabu.

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwar yadi daga Kano. Da na zo karatu, maimakon ya zaga da ni gari, sai ya kai ni wani sito kusa da Huangpu, ya yaye tampol. Jirgin sama! Kujera ɗaya, jikinsa duk bututun alminiyam, siriri kamar fara ta yi azumi.

"Kawu, zai tashi kuwa?"

"'Yar boko, ungulu ma tana tashi, balle abin da aka yi wa bisimilla!"

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga ƙasa daga sama, shi da kansa yana tuƙi. Jirgin fasinja kuwa, a wajensa motar haya ce da aka liƙa wa fiffike.

Ga tsimi! Injin na tsohon babur ne. Fukafukan ya lulluɓe su da ragowar shadda, ya liƙe da gam, na dama shuɗi, na hagu ruwan goro. Abokinsa Alhaji Mamman na Maraɗi ya ce, "Sale, wannan jirgi ne ko ango?"

"In na faɗo, a ce dai na faɗo cikin shiga ta mutunci."

Wata rana ya gayyato wani dattijo ɗan Caina, Lao Wu, mai tuƙa ƙananan jirage don nishaɗi. Ni ce tafinta. Dattijon ya zagaya jirgin, ya girgiza kai.

"Kawu, ya ce fukafukan sun yi gajarta."

"Gaya wa maigidan, daidai bakin kwantena na yanka su. Abin da bai shiga kwantena ba, ta ina zai je Kano?"

"Ya ce ai kwance su ake yi, a loda su daban."

Kawu ya sosa ƙeya. "To me ya hana shi faɗa tun bara?"

Duk da haka sai da aka gwada, a wani fili bayan gari. Jirgi ya yi ƙara, ya yi gudu, ya faɗa cikin agwagin wani manomi. Agwagi suka tashi sama, jirgi yana ƙasa. Kawu ya sauko yana kaɗe hula.

"Kun gani? Ana tashi a filin nan. Saura ni."

Ciwon zuciya ya ɗauke shi kafin ya gama sababbin fukafukai. Na daɗe ina kallon gajimare ina jin zafin cewa bai samu ya tashi ba.

Sai bayan shekaru, da na je yi wa Lao Wu sallama zan koma gida, ya gaya mini cewa wata Asabar ya ɗauki Kawu a jirginsa mai kujera biyu, kuma da suka yi sama ya sakar masa tuƙi. Kawu, sarkin surutu, bai ce uffan ba. Can ya tambaya da hannu, ina yamma? Aka nuna masa. Ya karkata hancin jirgin a hankali wajen gida, ya riƙe shi a haka, hawaye na zuba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yalwata maka makwanci.