Namiji a Layin Awo

A makarantar Agege inda aka tsugunar da waɗanda rikici ya kora, ga wani dogo, buhu a hammata, shi kaɗai namiji a layin masu ciki. An ce masa 'yan agaji na awo kyauta, ya ɗauka na hatsi ne. Ina jin ɗan dako ne, kafaɗunsa sun nuna.

"Malam, naka wata nawa?" in ji wata dattijuwa.

Ana dariya, yana taya su. Can sai ya ruga, ya dawo da matarsa mai ciki. "Nas, tun ranar gudu cikin bai motsa ba," in ji shi.

Nas ta kara abin sauraro a cikin matar. "Yana nan, oga, har shuri yake!"

Ga shi can, haƙora duk a waje, yana yi wa matar fifita da buhun da bai samu ko ƙwaya ba.