Sunan da Ƙanwata Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Darki, ni da ƙanwata, ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Na ce da shugaban makarantarmu asibiti za ni. Ƙarya ce, amma ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ga abin da ya fito da mu. Wata biyar ke nan da mijinta ya sake ta, bayan dukan da ya kashe mata kunnen hagu. Ta dawo gida da goyon ɗansu. Da lokacin yaye ya yi, aka kai shi wajen kakarsa ta wajen uba kamar yadda aka saba, da cewa kwana bakwai zai yi. Har yau kwana bakwan nan ba su cika ba.

Motar da muka samu an ƙera ta don mutum huɗu, muka shiga mu bakwai, ban da zakaru biyu. Direba ya ce kowa dubu ɗaya, ya ɗora laifin a kan fetur, wanda ba ya wurin balle ya kare kansa. Hanya cike take da manyan motocin shanu masu sammakon kasuwar Juma'a. Dawa duk ta sunkuyar da kai a gonaki. Fasinjoji suna ta musu a kan farashin taki, ita kuwa ta juya musu kunnen da ba ya ji, ta zuba wa taga ido.

A Wudil muka karya da koko da ƙosai, ta ci guda biyu don kada in yi magana. A harabar kotu muka sami wani dattijo a gindin darbejiya yana rubuta wa mutane takardar ƙara. Ya saurare mu, ya ce kada mu yi gaggawa, akwai wata lauya da ke zama duk Alhamis a wani ɗan ofis bayan kasuwa, ba ta karɓar ko sisi a hannun mata. Sau biyu muka ɓata. Masu kwatance a garin nan mutanen kirki ne, ba sa iya ce wa baƙo ba su sani ba.

Da muka gano ofishin, mata shida muka tarar a kan benci, kowacce rungume da ledar takardu. Ni kaɗai ne namiji, sai kallona suke kamar ni ake ƙara.

Bayan azahar layi ya zo kanmu. Lauyar ta duba takardar saki da katin asibiti, ta ce dukan ma abin kai ƙara ne idan ƙanwata ta so. Ƙanwata ta girgiza kai. Game da yaro kuwa, ta ce riƙon ƙaramin yaro bayan rabuwa haƙƙin uwa ne muddin ba ta sake aure ba, ci da sutura kuma suna wuyan uba. Sai ta tambaya ko an taɓa zama a kan maganar.

An zauna, a zauren mai unguwa. A gaban dattawa aka tambayi ƙanwata ko tana son a dawo mata da shi. To, ɗan fari ne, a wajenmu kuwa mace ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba ta kira. Ta sunkuyar da kai ta ce ai ɗansu ne. Dattawa suka yaba tarbiyyarta, aka shafa fatiha. Ina wurin, har da ni a jin daɗi.

Lauyar ta ajiye biro. Ta ce lallai dangin mijin za su kawo wannan magana da shaidunta, amma ƙofa ba ta rufe ba, matuƙar ƙanwata za ta tsaya gaban alƙali ta nemi ɗanta da bakinta. Ta jawo takarda ta ce, "Yaya sunansa?"

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Malam, ba kai alƙali zai tambaya ba."

Fanka tana ta juyawa. Ƙanwata ta murza bakin mayafinta har yatsunta suka gaji, can ta dube ni ta ce, "Yaya, ka faɗa mata mana." Hawaye ne suka ƙarasa mata maganar. Lauyar ba ta yi faɗa ba. Ta bar layin babu rubutu, ta ce mu dawo Alhamis mai zuwa.

Muka biya bakin kogi na sayi soyayyen kifi don mutanen gida, muka hau mota. Ba mu tsaya ba sai Darki.

Da la'asar sakaliya ina alwala, sai na jiyo murya daga bayan danga, wajen turken awaki. Ita ce, tana kiran sunan a hankali, ta yi shiru, ta sake, kamar ɗalibar da za a yi wa tambaya gobe. Innarmu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta tsaya, ta kama baki, sannan ta ci gaba da aikinta.

Shekara goma sha biyu ina koyar da kunya a darasin al'adu, ina ba wa wanda ya kawo misalin ɗan fari maki biyar. Tafiyar yini guda ta nuna mini abin da maki biyar ɗin nan ya ci wa ƙanwata. Sunan yaron kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Ita za ta fara faɗarsa.