Wa Zan Kira Yanzu, Sista?

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sista bayan jinyar ciwon ƙoda, a asibitin da ta yi wa aiki har ta ajiye. Shi Ya ba mu aronta, Shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe. Ina shago ina taje wa wata yarinya kai, sai maƙwabcina mai aski ya tsaya a bakin ƙofa. Mutumin da ba ya iya wuce shagona bai tsokane ni ba, ran nan ya cire hula yana ta murza ta a hannu. Na ajiye matajin tun kafin ya buɗe baki.

Sista, ni mai kitso ce, rubutu ba sana'ata ba ce, kuma kin san bakina ya fi hannuna sauri. Amma akwai maganar da ba mu ƙarasa ba ni da ke, maganar Auta, yarinyar da kika bar mini amanarta ranar da za a kwantar da ke a asibiti. Ba sunanta ke nan ba, kuma da izininta da na mahaifiyarta nake faɗa. Har yanzu ranta nake ji wa tsoro, ke kuwa da nake kai wa tsorona ba kya nan.

Ban manta yadda kika shigo rayuwarmu ba. Shekarar da ɗan mai gyaran keke ya kashe kansa ne, yaro ɗan shekara sha shida. Unguwa ta ɗauki surutu, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce waya ce ta lalata shi. Mai aski ne ya yi masa aski ana gobe abin zai faru, yaron har ya cire agogonsa ya ba shi kyauta, shi kuma ya karɓa yana dariya. Har yau bai iya ɗaura agogon nan ba, bai kuma iya yar da shi ba. Ke a wurin gaisuwa ba ki tofa komai ba. Bayan an watse kika aika aka tara mu a garejin gidanki, ni da mai aski da tela da mai cajin waya da mai koya wa yara ƙwallo. Na je da zaton wani biki za a shirya. Sai kika ce kin ƙare ƙuruciyarki a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kina karɓar yara bayan abu ya yi nisa, kuma babu ɗayansu da bai bi ta hannun irinmu ba kafin ya iso wurinki.

Kika dube ni kika ce, "Ke, kawunan 'yan matan unguwar nan duk ta hannunki suke bi. Yarinya ta ba ki baya ta zauna rabin yini, wane likita ne ke samun wannan?"

Daga ranar na koma ɗaliba da tsufana. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ke kika ce yaran yanzu sun iya gyara fuska, in tambayi fatar kai da wuya. Kika nuna mini gurbin da yarinya ke tsige gashinta da kanta idan damuwa ta yi mata yawa. Kika ce in lura da wadda ta saba yi mini gardama a kan irin kitson da take so, rana ɗaya ta ce in yi duk wanda na ga dama. Kika sa na juya kujerar ta bar kallon madubi, domin wadda ke ganin idona ba za ta yi magana ba. Idan kuwa ta fara, kada hannuna ya tsaya, don in ya tsaya bakinta ma zai tsaya. Mafi wuya a gare ni shi ne yin shiru. Sau nawa kika ce Allah Ya ba ni kunne biyu amma bakin ya danne su? Kika hana ni wa'azi, kika hana ni ce wa yarinya, ke da kike yarinya me kika sani na damuwa. Kika ce in na ji tsoron ran yarinya in tambaye ta kai tsaye, tambaya ba ta saka wa mutum abin da babu a ransa. Abin da ya fi ƙarfina kuma, in kira ki.

Na kuwa kira ki har na ji kunya. Ko ana rana ko ana ruwa sai ki zo da lemarki, kina jan ƙafar nan mai ciwo, ki zauna a bencin bakin ƙofa wai kina jiran layi, alhali gashin kanki bai kai a kama ba. In an gama ki ce wa yarinya ta riƙe miki jaka, ku tafi kuna hira. Iyaye ma ba ki taɓa kunyata su ba. Akwai uban da ya daka miki tsawa ya ce gidansa babu mahaukaci. Kika ce ke ma ba ki ga mahaukaci ba, yaro kika gani wanda ya gaji. Mutumin nan shi ya riƙa kai ɗansa asibiti a bayan babur, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki.

Tun da kika tafi shagon ya sauya mini. Ina cikin tsaga sai in ji kamar ƙarar tsinin lemarki a kan dakali, in ɗaga kai, ba kowa. Bencin nan har yau abokan cinikina ba sa zama a gefen da kika saba zama, ba kuwa ni na hana su ba. Lambarki na nan a wayata, na kasa gogewa. Mai aski ya ce shi ma da ya ga yaro ya yi shiru a kujera sai ya ji hannunsa ya tafi aljihu neman waya ya kira ki. Ba mutuwarki kaɗai ke hana mu sukuni ba, Sista. Tsoro muke ji kada abin da ya sami ɗan mai gyaran keke ya sake ratsawa ta hannunmu ba mu gani ba.

To ga labarin Auta. Kin san yadda 'yan ajinsu suka yi ta yawo da hotonta a waya suna mata dariya har ta daina zuwa makaranta, kin kuma san ke kaɗai take buɗe wa ciki. A gidan rasuwarki ba ta yi kuka ba. Ta yi wanke-wanke, ta yi shara, har murmushi ta yi mini. Mutane suka ce yarinya ta warware. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin kin taɓa gaya mana cewa natsuwar da ta sauka rana ɗaya bayan doguwar damuwa abar tsoro ce.

Makon da ya wuce ta shigo shago. Ta cire 'yan kunnenta ta ba ƙaramar 'yata, ta zauna ta ba ni baya, ta ce, "Anti, ki yi mini mai kyau. Daga wannan ba zan ƙara damun ki ba."

Na dubi wayata a kan tebur, na dubi bencin. Amma ban bari yatsuna sun tsaya ba. Na ci gaba da kitso, na tambaye ta da bakin nan nawa, a hankali, ko tana tunanin kashe kanta. Sai na ji wuyanta ya saki, ta gyaɗa kai a cikin hannuna. Kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da ke. Na bar ta ta yi, ina kitso, ban ce mata ta yi haƙuri ba.

Da na kai tsakiyar kai sai na ajiye kibiyar kitso na ce sauran sai gobe. Na rufe shago, na kama hannunta har gida, na zaunar da mahaifiyarta na faɗa mata ba kwana-kwana. Uwar ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin 'yar. Da safe muka nufi wurin likitar nan da kike tura yara wurinta. A bakin ƙofa Auta ta ce, "Yanzu da rabin kai zan shiga cikin mutane?" Na ce ɗankwali don me aka yi shi?

Ban ce ta warke ba, ƙarya ba ta kamata tsakanina da ke. Tana ganin likita, wata rana ta ci abinci, wata rana ta ƙi. In sun dawo daga asibiti sai ta biyo ta shago, in yi mata layi ɗaya ko biyu, in kama wuyan hannuna in ce ciwo yake. Jiya ina shirin yin haka ta riga ni. Ba ta juyo ba ta ce, "Anti, na san hannunki lafiya lau." Can ta ce, "Amma kada ki ƙarasa tukuna."

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Sista, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Kowane yaro da ta zauna da shi har ya ga wayewar gari, Ka sanya mata shi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta da jikokinta da ƙannenta, da ma'aikatan da suka yi aiki tare da ita, da yaran unguwar nan da suka yi rashin uwa ba tare da sunansu ya shiga cikin magada ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Auta kuma, ya Ubangiji, Ka riƙe mana ita, Ka bar ta a duniya har furfura ta fito a kan nan da na bari rabi.