Lurwanu Mai Faranti da Kalmomin Kwali

Duk mai cin kasuwar Gangara ya san Lurwanu mai faranti. Gajere ne kakkaura, kakansa ya taso daga wajen Katsina da fatauci, ya yi gona a nan, ya zauna. Lurwanu ya taɓa lakol, wato makarantar boko, kaɗan, ya tsinci baƙaƙen boko iya abin da zai karanta suna a jikin kwali, sannan ya bi sawun kakan. Da damina yana gona, in an yi girbi sai ya ɗaure kwanuka da farantai a bayan moto, yana bin kasuwannin ƙauyuka.

Akwai wasu fararen farantai da yake sarowa a Maraɗi. Wanda yake sayar masa ya taɓa nuna masa wata doguwar kalmar Ingilishi a jikin kwalinsu, unbreakable, ya ce ma'anarta ba ya fashewa. Lurwanu ya riƙe siffarta a kansa. Daga nan ya samu hanyar talla: in mata sun taru, sai ya ɗaga faranti sama ya sake shi a kan dutse, farantin ya yi tsalle ya mirgina, ko tsagewa babu.

Wata shekara gab da sallah ya samo sabon kwali. Farantan sun fi na da nauyi da sheƙi, ya leƙa ya ga doguwar kalmarsa, ya ce lallai waɗannan su ne yayyen. Ranar kasuwa mata suka kewaye shi, ya ɗaga ɗaya ya sake. Farantin ya tarwatse. Lurwanu ya ce wannan da ciwonsa ya zo, ya ɗauki wani. Shi ma haka. Kasuwa ta ɗauki dariya, har Mamman mai tsire ya bar wutarsa ya zo kallo. Shi ma Lurwanun da ya ga babu mafita, sai ya zauna ya taya su.

Washegari ya yago gefen kwalin ya tafi Gazawa wurin Naja'atu, ɗiyar yayarsa, wadda ke koyar da Ingilishi a kwaleji. Ta duba, ta rufe baki da gyale.

"Kawu, ai wannan cewa ya yi yana fashewa. Na da akwai un a gabansa, wannan babu."

"'Yan baƙaƙen nan biyu su ne suka yi mini wannan aika-aika?"

"Su ne. In sun hau gaban kalma sai su juya ta. Ɗafa-goshi ake ce musu. Wanda ya zo a baya kuma, kamar able ɗin nan mai nufin abu zai yiwu, shi ne ɗafa-ƙeya. Mu ma muna da su. Katsina fa, ya ake ce wa mutuminta?"

"Bakatsine."

"To ka gani. Ka ɗafa mata goshi, ka ɗafa mata ƙeya."

Sai Lurwanu ya shiga jerowa da kansa: ɗinki, maɗinki, noma, manomi, Gobir, Gobirci. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, ashe tun yana yaro yake wannan aiki da bakinsa bai sani ba.

Tun daga ranar babu kwalin da ke wuce shi. In ya ga kalma sai ya rufe gabanta da yatsa, ya rufe bayanta, ya ga abin da ya rage a tsakiya, in ta gagare shi ya buga wa Naja'atu waya. Ya gane re maimaici ne. Ya gane less rashi ne, daga jikin cokulan da ba sa tsatsa, stainless. Da akuyar gida ta ci masa igiyar ɗaurin kaya, useless ya kira ta, matarsa Zulai ta ce ita dai kada a zagar mata dabba da yaren da ba ta ji. A kasuwa kuwa suna ya bi shi, kowa Ɗafa-goshi, kuma yana amsawa.

Da shekara ta zagayo Naja'atu ta roƙe shi ya zo ajinta ya ba ɗalibai labarinsa. Ya sa babbar riga ya je. Ya ba su labarin tiryan-tiryan, suka yi ta dariya, sannan suka yi ta kawo kalmomi yana fasa musu su gida-gida. Da zai fita, Naja'atu ta dube su ta ce da Ingilishi kawunta priceless ne, suka tafa.

Lurwanu ya yi murmushin yaƙe. A kan moto ya fasa kalmar: price ya san shi a jikin kaya, farashi ne, less kuwa rashi. Wato maras daraja ke nan, a gaban yara. Ya isa gida ya ƙi tuwo. Zulai ta matsa har ya faɗa mata.

"Malam, yarinyar da ka goya a wuyanka ce za ta faɗa maka haka? Kira ta."

Ya ƙi. Zulai ta ɗauki wayar ta kira da kanta, ta miƙa masa. Naja'atu ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Nufinsa abin da darajarsa ta wuce a yi masa farashi. Babu kasuwar da za ta iya sayen ka."

"To me ya sa ba su faɗi haka ba kai tsaye?"

"Haka yarensu yake, wata kalmar sai an tambaya."

Ya ce a miƙo masa tuwon.

Yanzu furfura ta fara sauko masa, moton ma ya tsufa, amma bai fasa bin kasuwanni ba. Babban ɗansa Ilyasu ya shiga kwaleji bana, ajin Naja'atu. In yaron ya dawo hutu, sukan zauna a zaure bayan la'asar suna gardamar kalmomi, har sai Zulai ta leƙo ta ce a tashi a ba tumaki ruwa.